Ranar da Rimot Ya Yi Haske

Layi ya zo kanmu, kuma mun daɗe muna jan ƙafa, domin mun san labarin kimiyya ba ya cikin abin da aka saba karantawa a nan. Amma tun da an ce kowa ya rubuta abin da ya sani da abin da ya taɓa shi, to ga namu.

Mu uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a Zariya. Babbanmu malamin firamare ne, na tsakiya yana gyaran waya a kasuwa, autarmu kuma ma'aikaciyar jinya ce. Kusan shekara biyu ke nan muna tara yaran unguwa a zauren gidanmu ranar Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da babu Islamiyya, muna yi musu bitar karatun boko. Yawanci sukan kai goma sha biyar. Ba mu karɓar ko sisi, kuma da farko ba mu yi niyyar wuce lissafi da Turanci ba.

Wata Alhamis muna bitar darasin haske. Littafin ya ce hasken rana yana ɗauke da launuka bakwai, kuma bayan waɗannan akwai wasu haskoki da ido ba ya gani. Yaran suka maimaita jimlar da Turanci sau uku, baki ɗaya, babu tuntuɓe. Sai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda ya saba zama kusa da ƙofa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in ba a ganinsa, wa ya gan shi har ya rubuta a littafi?" Sauran suka fashe da dariya. Babbanmu ya ce masa haka masana suka faɗa, ya haddace kawai saboda jarrabawa. Yaron ya ce "To, Malam," ya sunkuyar da kai. Mu ukun duka mun ji nauyin wannan "to" ɗin, domin mun san irinta ce mu ma muka yi ta faɗa a makaranta har muka daina tambaya.

Da dare muna cin tuwo maganar ta dawo. Mai gyaran wayarmu ya ajiye lomarsa ya ce ai shi kusan kullum yana ganin wannan hasken. In aka kawo masa rimot aka ce ya lalace, sai ya kunna kyamarar waya, ya saita bakin rimot ɗin, ya danna. In ɗan ƙwan da ke gaba ya yi walƙiya a fuskar wayar, to rimot lafiya lau, matsalar talbijin ce. Shekaru yana wannan aiki bai taɓa haɗa shi da darasin littafi ba, babbanmu kuma shekaru yana koyar da darasin bai taɓa jin labarin rimot ba.

Washegari muka ce kowane yaro da ke da rimot a gida ya aro. Muka rufe ƙofar zaure, muka ba yaron nan rimot ya danna yana kallon ƙwan da idonsa. Babu komai. Muka miƙa masa waya ya kalla ta cikinta. Ƙwan ya shiga ƙiftawa, fari-fari da ɗan shunayya. Ya cire wayar, babu. Ya mayar, ga shi. Ya yi haka ya fi sau goma, sannan ya juyo ya ce, "Malam, ashe da gaske ne." Wanda zai gwada a gida ya fara da kyamarar gaba, ta ɗaukar hoton kai, domin a wasu wayoyin ta baya tana tace wannan hasken sosai.

Tambayarsa ta asali kuwa tana nan, wato wa ya fara gani. Sai da muka koma muka yi karatu kafin muka amsa. A shekarar 1800 wani masanin taurari mai suna William Herschel, haifaffen Jamus mazaunin Ingila, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launukan suka baje kamar bakan gizo. Ya riƙa sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya sa shi a gefen ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafin ya ma fi na cikin launukan. Shekara ɗaya bayan haka, a 1801, wani Bajamushe, Johann Ritter, ya duba ɗaya gefen. Ya yi amfani da wani sinadarin azurfa da ke yin baƙi in haske ya taɓa shi, sai ya ga ya fi saurin baƙi a bayan shunayya, inda nan ma ido ba ya ganin komai. Duka biyun ba su ga hasken da idonsu ba, sawunsa suka gani. Muka ce wa yaran kamar mafarauci ne da ya tarar da sawun kura a bakin rafi da safe.

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na gaba ita ke bambanta launi da launi. Ana auna ta da nanomita, wato a raba milimita ɗaya gida miliyan a ɗauki ɗaya. Idon ɗan Adam yana gani daga wajen nanomita 400, inda shunayya take, zuwa wajen 700, inda ja yake. Ƙwan rimot yawanci yana fitar da 940. Allon da ke karɓar haske a cikin kyamara kuwa yana iya ji har wajen 1,100, shi ya sa masu ƙera kyamara suke sa wani ɗan gilashi a gabansa don ya tare wannan ƙarin, kada ya ɓata launin hoto. Ɗan abin da ya tsallake gilashin shi ne walƙiyar da yaron ya gani.

Rigima ta gaba a kan suna ce. Turawa suna kiran na gefen ja infirared, na gefen shunayya kuma altirabayolet. Muka gaya wa yaran cewa na farkon yana nufin "ƙasan ja". Wata yarinya ta ce ba ta yarda ba, domin a bakan gizo ja ne a sama, don haka abin da ya wuce ja ai samansa yake. Ta yi gaskiya a abin da ido ke gani. Aka yi ta ja-in-ja har wani ya kawo kalmar "ƙetare", kamar yadda ake cewa ƙetaren kogi. Daga ranar muka koma cewa ƙetaren-ja da ƙetaren-shunayya. Ba mu ce su ne daidai ba, amma tun da muka fara amfani da su babu yaron da ya sake rikita wanne ne wanne.

Daga nan abin ya zama mana sha'awa mu kanmu. Muka samo wata tsohuwar ƙaramar kyamara ta dijital a wurin masu kayan gwanjo, da niyyar cire ɗan gilashin nan. Ta farko mun kashe ta. Gaggawa muka yi, sukudireba ya karce allon ciki, kuɗinmu ya tafi. Ta biyu mai gyaran wayarmu ya zauna mata da safe, hankali kwance, ya fitar da gilashin, ɗan ƙarami mai ƙyallin ja da kore. Yanzu kyamarar tana ganin hasken da muke gani haɗe da ƙetaren-ja, saura mu tare na farkon. Masu kuɗi suna sayen mataci na musamman da ke barin abin da ya wuce nanomita 720 kaɗai. Mu kuwa muka je wurin wani dattijo mai tsohon shagon hoto, ya ba mu guntayen fim mai launi da aka riga aka wanke, irin baƙin bakin nan da haske ya ƙone. Irin wannan fim yana tare hasken da ido ke gani, ya bar ƙetaren-ja ya wuce. Muka ninka biyu, muka manna a bakin kyamarar.

Hoton farko na darbejiyar ƙofar gidanmu ne, da tsakar rana. Ganyen ya fito fari fat kamar an yi masa ruwan auduga, sama kuma ta yi duhu. Yaran suka yi tsit, can wani ya ce an yi wa bishiyar furfura. Wannan farin ganye yana da tarihi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Wood na jami'ar Johns Hopkins, ya wallafa hotuna irin waɗannan a 1910, kuma har yau masu wannan sha'awa da sunansa suke kiran farin ganyen. Dalilin shi ne, sinadarin da ke sa ganye kore yana shanye ja da shuɗi don haɗa abinci, amma ba ya shan ƙetaren-ja, sai ƙwayoyin cikin ganyen su watso shi waje da yawa. Ganyen da ƙishi ko cuta ta kama ba ya watso shi kamar mai lafiya.

Wani yaro da mahaifinsa ke noman masara ya tambaya ko za a iya duba gona da wannan. Muka ce masa an daɗe ana yi daga sama. Tauraron ɗan Adam na Landsat, wanda Amurka ta fara harbawa a 1972, yana kwatanta ja da ƙetaren-ja da ƙasa ke mayarwa, daga nan a gane inda tsiro ke da ƙarfi da inda ya raunana. Tauraron Najeriya na farko, NigeriaSat-1, da aka harba a watan Satumba na 2003, shi ma da kore da ja da ƙetaren-ja ya riƙa ɗaukar hoto. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya addabi Sahel, tana amfani da irin waɗannan bayanai wajen bin diddigin damina da makiyaya. Yaron ya daɗe yana kallon kyamarar gwanjon da ke hannunsa. Mako na gaba ya zo da ganyen masara biyu, ɗaya kore shar ɗaya ya fara rawaya, ya ce a ɗauka a gani.

Tufafi ma sun ba mu mamaki. Baƙin hijabin autarmu ya fito fari-fari, domin yawancin rinin zamani ba ya tare ƙetaren-ja. Tsohon rawanin mahaifinmu mai shuni, irin rinin baba da ake yi a karofi kamar na Ƙofar Mata a Kano, shi ma ya yi haske. Lemon kwalba baƙi ya koma kamar ruwa. Jijiyoyin bayan hannu kuma suka fito baƙi-baƙi ƙarƙashin fata, autarmu ta ce akwai na'urar da wasu asibitoci ke neman jijiya da ita, kuma a kan wannan hanya take aiki. A nan ne muka kafa ƙa'ida ta farko: ba a ɗaukar mutum hoto da wannan kyamara sai da izininsa, ba a kuma fita da ita titi. Wasu yaduka marasa kauri ba sa rufe jiki a wannan haske yadda suke rufewa a ido, kuma ba mu son a ce ilimin da aka koya a zaurenmu ya zama sanadin tona asirin wani.

Abin da ya fi taɓa mu kuwa takarda ce. Akwai wata wasiƙa da kakanmu ya rubuta da ajami, tana cikin akwatin mahaifiyarmu shekara da shekaru. Wata damina rufi ya yi yoyo, ruwa mai ƙasa ya zauna a kanta, layuka uku na tsakiya suka nutse cikin tabo mai ruwan ƙasa. Muka shimfiɗa ta a rana muka ɗauka. Tabon ya dusashe kusan gaba ɗaya, rubutun ya tsaya baƙi ƙirin. Tawadar gargajiya da gawayi da ƙaro ake yin ta, shi kuwa gawayi yana shanye ƙetaren-ja kamar yadda yake shanye sauran haske. A gefen takardar wani ya taɓa rubuta kwanan wata da biro shuɗi, wannan kam ɓacewa ya yi a hoton. Babbanmu ya karanta wa mahaifiyarmu layukan uku. Ba wani babban sirri ba ne, gaisuwa ce da maganar buhun gero da aka aika, da roƙon a kula da wata mara lafiya. Ta ce a sake karantawa, aka sake. Daga baya muka ji cewa manyan ɗakunan adana tarihi suna yin haka da kayan aiki masu tsada. Wani littafin masanin lissafi Arkimidis, wanda aka kankare aka rubuta addu'o'i a kansa, da haskoki iri-iri aka karanto shi a Baltimore bayan an sayar da shi a 1998. Muka tuna yawan takardun ajami da ke kwance a gafaka da akwatuna a ƙasar Hausa, waɗanda ruwa da hayaƙi suka rufe.

Akwai kuskuren fahimta da sai da muka gyara. Yaran sun ɗauka kyamararmu tana ganin zafi, wasu ma sun baza a unguwa cewa tana ganin aljanu, har wata tsohuwa ta aiko a zo a duba mata bayan ɗaki. Muka shiga ɗaki mai duhu da kofin shayi mai zafi, kyamarar ba ta ga komai ba. Ƙetaren-ja fili ne mai faɗi. Namu na kusa da ja ne, kuma sai rana ko ƙwai ya haska abu kafin a gan shi, kamar kyamarorin tsaro da ke da ƙananan ƙwayaye kewaye da idonsu. Zafin jikin mutum yana fita ne a wajen nanomita 10,000, can nesa, kuma na'urarsa daban ce. Ita ce irin wadda aka riƙa saita mana a goshi a ƙofar banki da asibiti a 2020. Mesa tana da wasu ƙananan ramuka a leɓenta da take jin wannan zafin da su, shi ya sa take iya gano ɓera a duhu.

Sai muka juya ɗaya gefen. Muka sayi tocila ta ƙetaren-shunayya, irin mai nanomita 365, wadda haskenta a ido bai taka kara ya karya ba. Da dare muka haska farar rigar makaranta da aka wanke da garin sabulu, ta ɗauki shuɗin ƙyalli, domin ana zuba wa sabulun sinadarin da ke ƙara wa fari haske. Muka haska takardar kuɗi, alamomin da aka ɓoye a jikinta suka fito, ita kanta takardar ba ta yi ƙyalli ba, alhali farar takardar littafi tana ta walwali. Yaran suka gane abin da ɗan akwatin nan mai shuɗin ƙwai yake yi a kan teburin masu canji. Autarmu ta ƙara da cewa likitocin fata suna da fitila irin wannan, ita ma da sunan Wood ake kiran ta, kuma wasu nau'o'in makero suna yin kore a ƙarƙashinta.

Lokacin bazara ne, kunamu sun fara fitowa. Mun karanta cewa ɓawon kunama yana ƙyalli a wannan haske, don haka muka sa takalma, muka tsayar da yaran a baya, muka haska gindin katangar bayan gida. Ga ta nan, kore mai shuɗi-shuɗi, tana haske kamar an kunna ta, a daidai inda yara ke zama da rana ba takalmi. Muka ƙirga huɗu a daren. Labari ya kai cikin gida. Tun daga nan kakar wani daga cikin yaran takan aiko bayan isha'i a ce, "Wai in ji Iya, a ara mata fitilar kunama ta duba ɗaki." Ba mu taɓa barin yaro ya fita farautar kunama da ita ba, babba ne ke riƙewa.

A nan ne muka yi kuskuren da ya fi ba mu kunya. Mun karanta cewa ƙudan zuma yana ganin ƙetaren-shunayya, ja kuma bai cika ganinsa ba. Karl von Frisch, ɗan Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, shi ya nuna cewa zuma na bambance launuka, wasu kuma suka tabbatar da ganinta na wannan haske. Furanni da yawa, har da furen nan mai bin rana da ake matsar mai daga 'ya'yansa, suna da zane a tsakiya da ke nuna wa zuma hanya, wanda mu ba ma gani. Sai muka yi wa yara alkawari cewa Juma'a za su ga fure da idon zuma. Suka zo da furen kabewa da na kuɓewa da duk abin da suka samu. Muka kashe fitila, muka haska. Ban da ɗan ƙyalli nan da can, babu zane, babu komai. Yaron ƙofa ya ce, "Malam, ko zumar ce ta yi ƙarya?"

Mu ne muka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Riga da kunama suna haɗiye ƙetaren-shunayya ne su mayar da shi haske na yau da kullum, shi ya sa ido ke gani, kowace waya ma tana iya ɗauka. George Stokes ya yi bayanin wannan a 1852, yana aiki da ruwan kwinin, maganin zazzaɓin nan. Zanen fure kuwa yana cikin ƙetaren-shunayyar da furen ya mayar yadda yake, kuma ganinsa sai da kyamarar da ke karɓar wannan haske kai tsaye. Gilasan kyamara na yau da kullum suna tare mafi yawansa, ga shi kuma ana bukatar mataci da zai tare hasken ido da ƙetaren-ja a lokaci guda, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Mako na gaba muka tsaya gaban yaran muka ce mun yi kuskure, muka bayyana inda muka ɓata, muka nuna musu hotunan da wasu suka ɗauka. Mun yi zaton za su raina mu. Abin da muka lura shi ne daga ranar suka fi sakin jiki su ce "ban gane ba" ko "ina ganin ba haka ba ne."

Akwai wata yarinya zabiya a cikinsu, 'yar shekara tara. Mahaifiyarta tana saya mata man kariya daga rana da ƙyar, domin yana da tsada, ita kuwa ba ta son shafawa. Ta ce yana da maiƙo, yara suna tsokanarta, kuma ba ta ga abin da yake yi ba. Autarmu ta daɗe tana damuwa, domin ta san fatar zabiya ba ta da isasshen sinadarin da ke kare mu daga ƙetaren-shunayya, kuma ciwon dajin fata yana yi wa zabiyoyi ɓarna sosai a Afirka. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 13 ga Yuni don wayar da kai a kan lamarinsu, tun daga 2015. A kyamarar ƙetaren-shunayya ta gaske, fuskar da aka shafa wa man takan fito baƙa kamar an shafa tawada, saboda man yana shanye hasken. Ba mu da wannan kyamara, amma kuskuren fure ya koya mana wata hanya.

Ba mu kira sunanta ba, ba mu kuma ce darasin nata ne ba. Muka samo farar leda mai gani-har-hanji, muka ce kowa ya rubuta harafin farko na sunansa a jiki, wasu da man kitso, wasu da basilin, wasu da man kariyar da autarmu ta kawo. Muka riƙe ledar a saman farar takarda, muka haska tocilar ta sama. Takardar ta ɗauki ƙyalli. Haruffan basilin da man kitso ba su tare hasken ba. Na man kariya kuwa suka sauko a kan takardar baƙaƙe, inuwa sosai, alhali a ido kusan ba a ganin man a jikin ledar. Yarinyar ta matso, ta sa yatsa a kan inuwar harafinta, ta ce, "Anti, wato inuwa nake shafawa?" Autarmu ta ce mata e, inuwa ce da ke bin ta duk inda ta je, amma tana gogewa da gumi, sai an sake, kuma ba ta maye gurbin hula da riga mai dogon hannu. Bayan kwana biyu mahaifiyarta ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ban san me kuka gaya mata ba, yau ita ta tuna min." Ba mu san ko za ta ɗore ba, yaro yaro ne. Mun dai san tsokanar ta ragu, domin masu tsokanar su ma sun ga inuwar.

Ga duk wanda zai gwada da yara, akwai abubuwan da ba a wasa da su. Kada a haska tocilar a idon kowa, kada a daɗe da ita a kan fata. Kada a kalli rana ta cikin baƙin fim ko wani mataci, domin duhunsa yana sa ƙwayar ido ta buɗe, alhali hasken da ba a gani yana shiga. A guji fitilun kashe ƙwayoyin cuta masu nanomita 254, waɗannan suna ƙona ido da fata cikin ɗan lokaci, irin ciwon idon da ke kama wanda ya kalli walda ba tabarau. In mai shago bai iya faɗin lambar tocilar ba, kuma ba a rubuta a jiki ba, a bar masa kayansa.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari gaban marubuta shi ne, duk abin da muka karanta don amsa tambayar yaron nan da Turanci muka same shi. Mun nemi ɗan littafi ko maƙala da Hausa da za mu miƙa wa yara su tafi da ita gida, ba mu samu ba. Wataƙila akwai, hannunmu ne bai kai ba, kuma wanda ya sani ya taimaka ya nuna mana. A ƙarshen zangon muka ce kowane yaro ya rubuta shafi ɗaya da Hausa a kan abin da ya gani. Rubutun cike yake da kurakuran ƙa'ida, amma babu wanda ya kwafi na wani, domin kowa da idonsa ya gani. Ɗan manomi ya rubuta a kan ganyen masara, yarinyar ta rubuta a kan inuwa, yaron ƙofa kuma ya cika shafinsa da sababbin tambayoyi guda bakwai. Ta ƙarshe ita ce ko akwai ƙarar da kunne ba ya ji. Mun ce masa ya ba mu mako biyu, kuma mun riga mun fara karatu a kan jemage.

A cikinmu nan akwai malamai, akwai ma'aikatan lafiya, akwai makanikai da manoma da masu ɗinki, kowa da irin rimot ɗinsa da ya saba da shi har ya daina ganin abin mamaki a ciki. Muna roƙon a riƙa rubuta irin waɗannan, ko shafi ɗaya ne, da Hausar da yaro ɗan shekara goma zai karanta shi kaɗai. Kalmominmu biyu, ƙetaren-ja da ƙetaren-shunayya, ga su nan mun ajiye a gabanku. Wanda yake da waɗanda suka fi su ya kawo, za mu kai wa yaran su yi muhawara a kai, domin su suka raɗa na farkon. Inda kuma muka yi kuskure a bayani ko a rubutu, a gyara mana.